Sun Dawo da Ummi Gida Daga Makarantar Nas

Zuwa ga Hajiya Rakiya, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci, na rubuto ne don in sanar da ke halin da gidanki ya shiga a bayanki. Na san ba za ki karanta ba. 'Ya'yanki maza za su karanta, domin ba abin da suke zuba wa ido kamar waya, kuma na gaji da yi musu magana su ce "to, Baba" su kaɗe riga su tafi. Da hannun hagu nake bugawa, da yatsa ɗaya. Wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri, in ma bai yi ba duk ɗaya ne a wurina.

Shekara ba ta zagayo da rasuwarki ba hawan jinin da kika sha yi mini faɗa a kansa ya kayar da ni a tsakar gida, ina cikin alwala. Ɓarin dama ya shanye. Baki ya dawo a hankali, tunani kuwa bai je ko'ina ba, ko da yake akwai ranakun da na so a ce ya tafi. Hannu da ƙafa sun ƙi. Ba na iya tashi sai an ɗaga ni. Ba na iya wanka. Ba na iya tsarki. Na rubuta haka ƙarara domin duk maganar da zan yi miki a kan wannan ta tsaya.

Kin bar Ummi a shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya. Kin tuna ranar da sunanta ya fito? Kin hana tela ya taɓa fararen kayanta, kika jawo kekenki ƙofar ɗaki kika ɗinka da kanki, kina warwarewa kina sakewa. Na ce miki wahalar ta yi yawa, kika ce, "Bar ni, Malam. Wannan dai ba za ta zauna jiran hannun kowa ba."

Kin tuna yadda take dawowa ƙarshen mako, tana warin maganin asibiti, ta hana mu cin abinci da labari? Ranar da ta fara samun jijiya a hannun wata tsohuwa da kowa ya kasa, ta shigo tun daga zaure tana faɗa. Kika ce ta bari a gama tuwo, ta ce, "Umma, ai jijiyar guduwa take yi, sai kin lallaɓe ta." Ta kama hannunki tana nuna miki, miya tana ɗiga. Ban taɓa ganin yarinya tana son abu kamar yadda take son aikin nan ba.

To, yayyenta sun cire ta.

An yi taron ne a tsakar gida, kwana kaɗan bayan an sallamo ni daga asibiti. Ina kwance a ɗaki, ƙofa a buɗe. Sun ɗauka ciwon ya tafi da kunnena. Babban ɗanki, wanda ni da ke muka yi shekaru muna kunyar kiran sunansa, yau zan kira: Bashir. Shi ya fara. Ya ce aiki ba ya barinsa, ya ce matarsa tana da goyo, ya ce gidansa na Unguwar Sarki bene ne ba zan iya hawa ba. Sannan ya ce, "Ai Allah ya riga ya ba mu nas a gida, me za mu je nema a waje?"

Ƙanensa Nura ya karɓa. Tun da ya buɗe shagon wayoyin nan a Kinkinau ya ɗauka duk duniya a cikin aljihunsa take. Ya ce, "Yanzu wa yake zama a aji? Komai a waya ake yi. Ta koma karatu daga nesa kawai, tana gida tana duba Baba tana karatunta. Digiri ma za ta samu, ba wannan 'yar takardar da ake raina nas-nas da ita ba." Bashir ya ce wannan shawara ta yi. Ba wanda ya tambayi Ummi. Tana madafa tana dafa musu shayi.

Na yi ƙoƙarin in ce a'a. Lokacin harshena kamar an ɗaura masa dutse yake, abin da ya fito gurnani ne. Nura ya leƙo ya ce, "Baba na son ruwa." Suka ba ni ruwa, Hajiya. Na sha.

Kada wani ya ce don na tsufa nake ƙin karatun zamani. Ke shaida ce, ni ma da karatun nesa na taso. Ina ƙaramin malamin firamare a Zariya ake aiko mini da darussa ta gidan waya, in amsa in mayar, in jira wata guda kafin in ga jan biron mai dubawa. Da shi na shiga jami'a, da shi na kai inda na kai a ma'aikatar ilimi, inda na ƙare ƙuruciyata ina rubuta tsare-tsaren da ba wanda ya karanta, har aka ɗora mini yaran da na koya wa rubuta takardar ofis, aka ce in ce musu ranka ya daɗe. Na san takarda. Na san abin da take iyawa, na san inda take tsayawa. Ana koyon tarihi ta wasiƙa, ana koyon lissafi. Ba a koyon yadda ake juya mutumin da ya fi ka nauyi ba tare da ka karya shi ba. Ba a koyon kallon fuskar mara lafiya ka gane cewa a kira likita yanzu. Wannan sai ka tsaya a ɗakin marasa lafiya ƙafarka ta kumbura, wata Sista tana tsaye a kanka tana yi maka tsawa.

Kuma ko abin da suka ce za ta samu ba shi ta samu ba. Da aka je yi mata rajista aka ce digirin jinya na nesa sai wanda ya riga ya gama makarantar nas ya karɓi lasisinsa. Ita kuwa sun ciro ta a tsakiya, ba ta da komai a hannu. Maimakon su tsaya su ce mun yi kuskure, ta koma, sai abokin Nura mai shagon kwamfuta ya ce a sa ta a fannin kiwon lafiyar al'umma, wai "duk lafiya ce". Aka sa ta. Ba wanda ya gaya mini. Sai da bakina ya saki, na ce ta karanto mini darussan da take yi, na saurara har ƙarshe ban ji inda aka ambaci jinya ba. Na tambaye ta, ta sunkuyar da kai. Ma'ana idan ta gama, za ta riƙe digiri mai kyau da hatimi, amma doka ba za ta bar ta ta yi wa ko ɗan jariri allura da sunan nas ba. Wannan shi ne cinikin da 'ya'yanki masu ilimi suka yi wa ƙanwarsu.

Yanzu zan gaya miki abin da ban iya gaya wa kowa ba.

Ranar farko da ta shigo da baho da soso, na ɗauka ajiyewa za ta yi ta kira ɗaya daga cikin yayyenta. Sai na ga ta sa safar hannu. Yarinyar da na sa wa sunan mahaifiyata, wadda ban taɓa kiran sunanta na yanka ba saboda girman mai sunan. Ta yi mini magana da wata murya da ban san ta da ita ba, irin ta asibiti, ta ce, "Baba, mu a wurin aiki ba ma ganin namiji ko mace, mara lafiya kawai muke gani." Na ji muryar tana rawa a ƙarshe. Na juya fuskata bango. Ban san lokacin da ta gama ba.

Ni na yi jinyar mahaifina, ni da ƙanena, har Allah ya karɓi abinsa. Ƙannenmu mata suna dafawa, suna wanki, suna zama su yi masa hira, amma ko gwiwarsa ba su taɓa gani ba. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana haka. Mun dai san cewa akwai abin da ɗa namiji yake ɗauke wa ubansa don kada idon 'yarsa ya gani. Ni kuwa ina da maza biyu, manya, masu gemu, ɗaya a Unguwar Sarki ɗaya a Kinkinau, duk cikinsu ba wanda zai hau keke zuwa Unguwar Kanawa ya ce tafiya ta yi nisa. Suka bar wa yarinya budurwa fo da buta, suka ce ai karatunta ne.

Na fara rage shan ruwa. Na fara cewa na ƙoshi bayan loma biyu. Na yi lissafi irin na mutumin da ba shi da sauran iko da komai: idan ban ci ba, ban sha ba, ba za ta shigo da fo sau da yawa ba. Ba ta daɗe ba ta gane. Ta tsaya a kaina da kofi ta ce, "Baba, idan ƙodarka ta taɓu, aikin da zan yi maka sai ya fi wannan." Na sha. Ta san aikinta, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Su kuma suna zuwa ranar Juma'a bayan masallaci, da manyan riguna da ƙamshin turare. Bashir ya kawo ledar lemo, Nura ya kawo katan ɗin madara. Su durƙusa su ce ya jiki, su ɗauki hoto da ni, su sa a waya a rubuta a ƙasa a taya su da addu'a. Mutane su yi ta sa musu albarka. Kafin la'asar sun tafi. Ba wanda ya taɓa ɗaga zanen da aka rufe ni da shi ya ga abin da ke ƙasa.

Matan unguwa kuma su shigo su tasa Ummi da yabo. "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan, kin sayi aljannarki tun kina ƙarama." "Ina ma tawa 'yar haka take." Da wannan yabon aka kulle ta, Hajiya. Yarinyar da kowa yake ce wa 'yar aljanna, da wane baki za ta buɗe ta ce ita makaranta take so ta koma?

Da kin ga karatun da ake cewa tana yi. Ta jingina waya da filas ɗin shayi a gefen gadona, ta sa abin ji a kunne ɗaya, ɗayan ta bar mini ko zan kira. Malami yana tsakiyar magana sai hoto ya tsaya, bakinsa a buɗe, ta fita tsakar gida tana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Kafin ta dawo na yi tari, ta ajiye komai. Wata rana na farka daga barcin hantsi na gan ta zaune a bakin ƙofa da sirinji, tana soka wa lemon da Bashir ya kawo allura, tana zarewa tana sakewa. Na tambaye ta me take yi, ta ce, "Kada hannuna ya manta ne." Tana auna jinina har damtsena ya yi tsami, ba don ana bukata ba. Ni kaɗai ne mara lafiyar da ya rage mata a duniya.

Wata ƙawarta 'yar ajinsu ta zo gaishe ni da fararen kayanta, daga asibiti ta biyo. Ta zauna tana ba Ummi labarin an kai su ɗakin haihuwa, ta karɓi haihuwar farko, 'yan biyu ma. Ummi ta yi dariya, ta tafa mata, ta raka ta har bakin titi. Da ta dawo ta kwaso tukwanen da ta wanke da safe ta sake wanke su. Ina jin ƙarar soson ƙarfe har aka kira azahar.

Ranar na daina jiran 'ya'yanki su ji kunya da kansu.

Kin san Malam Lawal, Bakatsinen nan mai keke Napep da ke haya a gidan da ke kallon namu. Na ce wa Ummi za a tantance 'yan fansho, dole sai an ga fuskata, kuma maza ne za su cika wurin, ta zauna. Malam Lawal ya ɗauke ni cak ya sa a keke, muka tafi makarantar su Ummi. Na shiga ofishin shugabar a kan keken guragu, da babbar riga da hula, yawu yana ɗan zubo mini ta gefen baki ina sharewa. Ni da na taɓa shiga irin waɗannan ofisoshi ana miƙewa tsaye. Ban damu ba. Na gaya mata komai.

Mace ce mai kamun kai, ta saurare ni har na gama. Ta ce ta san Ummi, ta ce da ta ga ta daina zuwa ta ɗauka aure aka yi mata. Ta ce ba a rufe gurbinta ba tukuna: idan ta dawo kafin 'yan ajin da ke bayansu su fara zuwa aiki a asibiti, za a haɗa ta da su ta maimaita shekarar. Idan suka fara ba ta zo ba, shi ke nan, sai dai ta sake neman shiga daga farko, in an ɗauke ta. Sannan ta dube ni ta ce, "Amma Baba, kai wa zai kula da kai?" Na ce mata ina da 'ya'ya maza biyu, kuma duk suna raye.

Na dawo gida ina jin kamar na ci yaƙi. Na gaya wa Ummi. Ban taɓa ganin fuskarki a fuskarta kamar ranar ba, irin fuskar da kike yi idan na yanke hukunci ban shawarce ki ba. Ta ce, "Baba, ni na zaɓa. Ba wanda ya ɗora mini wuƙa." Ta ce, "In koma in zauna aji ɗaya da yaran da suke gaishe ni?" Ta ce, "Ba ka san yadda ake zaginmu a can ba, a gaban marasa lafiya, kuma ka gama wahalarka a kawo mai digiri a ɗora a kanka." Na ce na san wannan fiye da ita, amma a zage ki kina da aiki a hannu ya fi a yabe ki ba ki da komai. Sannan ta faɗi abin da ya sa na zauna rubuta miki wannan takarda. Ta ce, "Umma ce ta ce in kula da kai."

To ke ma ina da magana da ke, Hajiya.

Ina wurin. Ina zaune a bakin gadon asibiti, Bashir yana tsaye ta wajen ƙafarki, Nura yana jingine da taga. Kika tsallake su duka biyun da ido, kika kama hannun ƙaramarsu kika ce, "Ummi, ki kula da Babanki." Me ya sa ita? Ke da kika ɗinka mata kayan nan da hannunki, ke da kika ce ba za ta jira hannun kowa ba. Maza biyu a tsaye, kika ɗora wa yarinya. Sun ji ki, kuma sun riƙe. Da maganarki suka wanke hannunsu, da ita kuma ta ɗaure kanta. Na yi fushi da ke sosai, fushin da ban taɓa yi ba kina raye, kuma ba ki nan balle ki ba ni amsa, in ƙara fusata, ki kawo mini kunu mu shirya.

Na san abin da kike nufi. Kina nufin ta tuna mini shan magani, ta hana ni gishiri, ta riƙa kirana idan na yi shiru da yawa. Ba ki san zan faɗi ba. Kuma kin san 'ya'yanki, kin san wanda zai ji magana ya riƙe. Amma da kin ɗan juya kai kin dubi Bashir, ko da sau ɗaya.

Na gane muddin ina kwance a gidan nan ba za ta tafi ba. Ko na rantse, ko na yi fushi, za ta sa safar hannu ta shigo da baho. Don haka na cire kaina.

Da safe na aike ta sayen magani a wani kanti mai nisa, na ce na kusa jabu suke sayarwa. Tana fita Malam Lawal ya shigo da wani abokin sana'arsa. Keke ɗaya ni, ɗaya katifa da keken guragu da fo da baho da buta, duk a fili ba rufi, haka na ce a bar su. Muka isa Unguwar Sarki daidai lokacin da Bashir yake fito da mota zai tafi ofis, maƙwabtansa ma suna fitowa, masu kai yara makaranta suna wucewa. Aka sauke ni a bakin ƙofarsa, aka jera kayana a gefena. Na ɗaga murya iyakar yadda harshena ya yarda, na yi masa sallama, na ce na zo jinya.

Ya fito daga mota yana waige-waige. Ya durƙusa ya rage murya ya ce, "Haba Baba, ai da ka bari an shirya." Na ce ni na shirya. Ya ce benen fa? Na ce na ga akwai ɗaki a ƙasa kusa da ƙofa, wanda yake ajiye tsofaffin tayoyi, ya ishe ni. Wani maƙwabcinsa dattijo ya tsaya ya gaishe ni, ya ce wa Bashir, "Alhaji, ashe Baba ne ya zo, Allah ya ba ka ladan jinya." Ban taɓa jin addu'ar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba. Bashir ya ce amin, ya mayar da mota ciki.

Ummi ta dawo ta tarar da gado babu kowa. Na bar saƙo wurin matar Malam Lawal cewa ina gidan yayanta, kuma na haramta mata zuwa da niyyar jinya. Na san abin da na yi mata. Na san yarinyar da ta rasa uwa ba ta daɗe ba, ta shigo ta ga ɗakin ubanta wayam, me zai fara zuwa mata a rai kafin a ba ta saƙo. Na auna wannan kafin in yi, na yi kuma. Ba zan ce a yafe mini ba.

Yanzu a ɗakin tayoyin nake, an share an yi fenti. Bashir ya ce zai ɗauko wani mutum ya riƙa kula da ni. Na ce ya ɗauko, ya taya ɗagawa da juyawa, amma wanka da tsarki na 'ya'yana ne, shi da safe, Nura da yamma, wanda ya ƙi in sa a kai ni ƙofar shagonsa. Nura bai gwada ni ba.

Da kin ga wankan farko da babban ɗanki ya yi mini. Ruwan ya yi zafi, sabulu ya shiga idona, ya kusa sakina a ƙasa. Da ya cire mini riga ya ga yadda haƙarƙarina suka fito, ya ga tabon ciwon kwanciyar da Ummi ta yi ta fama da shi har ya warke, sai hannunsa ya tsaya. Ya ce, "Baba, ban san haka abin yake ba." Na ce ai ba ka tambaya ba. Ya ci gaba da cuɗa ni yana jan hanci. Ban lallashe shi ba. Har yanzu ban huce ba, kuma ba na gaggawar hucewa.

Ummi ta koma makaranta, Rakiya. Ta koma ana saura kaɗan a rufe. Tana zaune a ɗakin kwanan ɗalibai, tana aji ɗaya da yaran da suke gaishe ta. Gidanmu yana kulle. Ɗakinki yana kulle, da kekenki a ciki, kuma ban san ko zan sake kwana a gidan ba. Abincin nan ba gishiri ba daɗi, hannun Bashir kamar na mai wankin mota, Nura kuma yana yi yana amsa waya. Ba wanda ya iya juya ni ba tare da kafaɗata ta yi ƙara ba. Ita kaɗai ta iya. Ina kewar hannunta, ina kewar motsinta a tsakar gida, kuma idan aka sake mayar da ni ranar, keken Malam Lawal zan sake hawa.

Ba ta yi mini magana ba tun ranar. Ina kira, ba ta ɗauka. Jiya Bashir ya shigo da wayarsa ya ce ta turo saƙo. Na ce ya karanta mini yadda yake, kada ya ƙara kada ya rage. Babu sallama, babu ya jikin Baba. Ta ce, "Yaya, ka riƙa duba diddigensa na dama kullum, in ya yi ja ka sa matashi a ƙarƙashin ƙafar. Kuma ka tsaya a kansa sai ya shanye ruwan, yana ɓoyewa." Na ce ya sake karantawa. Ya sake. Sannan ya ɗaga zane ya duba diddigen, ya tarar ya yi ja.

Rakiya, 'yarki tana fushi da ni, kuma tana asibiti da fararen kaya. Na karɓi duka biyun.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya yafe miki abin da kika faɗa cikin zafin ciwo da wanda ba ki samu faɗa ba. Allah ya ba Ummi lasisinta a hannu, ko ina da rai ko ba ni da shi. Ya sanyaya zuciyarta a kaina a lokacin da ya ga dama. Ya shiryi mazan nan biyu, ya ba su 'ya'yan da za su ɗaga zane su duba. Ni kuma ya sa in cika da imani, ya haɗa ni da ke inda ba mai ɗaga wani.

Mijinki,
Isiyaku